Tarko na Goma Sha Bakwai

Da asuba nake sauka kwarin,
matakala ɗari biyu da tara,
ni da takalmin roba da buhun tarkuna.
Salvador tana can tudu tana kallon teku,
mu muna nan ƙasa,
inda ruwan kowa yake zuwa ya kwana.

Na goma sha bakwai ya kama.
Bayan gidan Dona Zulmira, gindin ayaba,
ga ka nan, ƙato, gashi sai sheƙi,
ka lashe ɗan naman da na saƙala maka,
kana kallona kamar mai bina bashi.
Ba ka tari.
Idonka bai yi ja ba.
Lafiyarka ce take ba ni tsoro.

Likita Iracema ta taɓa jawo ni gaban madubinta,
ta ce, rufe ido ɗaya, Edvaldo, ka duba.
Na ga zare siriri, murɗaɗɗe,
kansa a lanƙwashe kamar alamar tambaya,
dubu bisa dubu suna iyo a ɗigo guda.
Ta ce sunansu leptospira,
a ƙodarka suke zaman haya,
ba sa biya, ba sa taɓa maka gini.
Kai dai ka tsaya ka yi fitsari ka wuce.
Laka ta karɓi ajiya,
laka kuwa ba ta cin amana.

A watan Mayu kwata ta toshe,
ruwa ya hau ƙafar gadon innarmu.
Josenildo ya naɗe wando ya faɗa ciki,
silifas ɗaya ya tafi da ruwa, ya yi dariya.
Akwai faso a diddigensa.
Wa ke ƙirga faso cikin ƙofofin gida?

Kwana tara, zazzaɓi.
Aka ce dengi ce, sha ruwa, kwanta.
Ya ce sharaɓarsa kamar an daka ta a turmi.
Idonsa ya koma ƙwanduwa,
fitsari ya ɗauke,
ranar Laraba ya yi tari a tafin hannuna,
na rufe hannun don kada inna ta gani.
Shekara ashirin da shida.
Bangon da ya fara shafe wa siminti
yana nan rabi, da shatin cokalinsa.

Na so in tsane ka, ɓera.
Na gwada, shekara uku.
Amma in kana da sata, bolarmu ma da wari.
Motar shara ba ta san sauka matakala ba.
Bututun da za a binne mana
yana zuwa duk kakar zaɓe, a jikin takarda,
ruwa ya jiƙa shi ya saɓule daga bango.
Kuma ba kai kaɗai ba ne:
kusun da ke bayan buhun wake,
sarigue mai goyon 'ya'ya a aljihu,
har karen Dona Zulmira, in ji likita,
kowa na iya riƙe tambayar a cikinsa,
mu ne muke amsawa da jiki.

Na ɗora ka a sikeli.
Giram ɗari huɗu da goma.
Na rubuta: namiji, tabo a wutsiya, gindin ayaba.
Gobe wani zai gaji raminka,
ko gaisuwa ba zai yi maka ba.

Hadari ya taso daga teku.
Can ƙasa Tainá, jikar Dona Zulmira,
ta saki jirgin takarda a lambatu,
tana binsa da gudu, ƙafa ba komai.
Na ajiye buhu na ƙwala mata kira.
Ta juyo, ta ɗaga mini hannu,
ta zaci gaisuwa ce.