Babin Ƙoda

A Tawa, shekarar da muka yi Bak,
yajin aiki ya cinye mana wata uku,
ya sha ruwa, ya goge baki.
Mushe Alhu ya dawo da alli a hannu,
ya dubi littafi, ya dube mu,
ya ce, "Gonar da faɗi, damina kuwa ta yi nisa."

Sai ga Zabairu da takardun shekara goma,
ya baje su ƙarƙashin fitilar titi,
kusa da mai shayi, inda haske ba na kuɗi ba ne,
yana lissafi kamar mai bugun ƙasa:
"Babin gado ya fito sau bakwai, zai sake.
Jijiya ta kwana biyu ba ta leƙo ba,
bana shekararta ce.
Ƙoda? Bara ta zo.
Baƙon jiya ba a yi masa sabuwar shimfiɗa."

Na ninke shafi goma sha huɗu,
na ce musu, ku jira ni, in na huta zan dawo.

Balkisa kaɗai ta ƙi.
Ta bi littafi daga bango zuwa bango
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
ido ya yi ja, wuya ya ƙage.
Muna tsokanarta:
"Da ludayi za ki kwashe tabki?"

Ranar da aka yage ambulan
zuciyata a maƙogwaro take bugawa.
Gado. Jijiya.
Na waiwaya, Zabairu ya ɗaga gira.
Bik ya yi ta gudu kamar ya san hanyar gida.
A zagayen farko aka kira sunana,
Inna ta rangaɗa guɗa, aka yanka zabuwa biyu.
Balkisa sai a na biyu ta haye, da ƙyar.
Na ce, ashe gaskiya ne, dabara ta fi ƙarfi.

Shekara tara.
Ƙafar Baba ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga.
A babban asibiti likita ya riƙe takardar gwaji
yana ta bayani, Baba ya juyo:
"Sahiya, ke kika yi lakkol. Me ya ce?"
Kalmomin na san fuskarsu, ban san gidansu ba;
mun taɓa haɗuwa a hanya, ban tsaya gaisuwa ba.
Na ce, "Ya ce ka rage gishiri."
Iyakar abin da kunnena ya iya ɗauka ke nan.

Daren nan na buɗe akwati.
Gara ta ɗanɗana gefen littafin ta bar sauran.
Shafi goma sha huɗu suna nan a ninke,
fari tas, ba zane, ba ɗigon shayi,
sun jira ni kamar yadda na ce.
Na karanta har kiran assalatu,
babu mai ba ni maki.

Na buga wa Balkisa waya, tana Yamai tana saida atamfa.
Ta yi dariya: "Ni ma rabi ya zube.
Amma ɗakin da na taɓa sharewa,
ko cikin duhu na san inda ƙofa take."

Ban ga laifin Zabairu ba.
Ba shi ya rufe aji wata uku ba,
kuma da ba don lissafinsa ba
da wataƙila zabin Inna sun mutu da tsufa.

Jiya autanmu Rabe ya zauna gabana:
"Yaya, me zai fito bana?"
Na ce, kawo takardun, mu ƙirga tare,
lokaci ya ƙure, ba zan yi maka wa'azi ba.
Sai dai duk shafin da ka ninke,
rubuta shi cikin bashi.
Masu tambaya biyu ne, Rabe:
ɗaya yana da rana, yana da ambulan,
ɗayan ko sallama ba ya yi.