Rubu'in Haske

Shagon Nomau, Bagalam, bayan la'asar.
Inna Cima ta zauna gaban shuɗin labule,
hoto za ta aika wa jika a Kwatano.

Ya saki fitila da dukan ƙarfinta.
Fau!
Goshi fari fat, kamar nono a ƙwarya,
tsagar Gobirawa ta ɓace daga kumatu.

"Wannan kuma wace ce?"

Ya murɗa zuwa rabi. Da saura.
Rubu'i.
Ya ja laimar gefe, taku ɗaya,
ya bar wa inuwa wurin zama.

Ga tsagar ta dawo, layi bayan layi,
har da na gindin kunne
inda hannun wanzami ya goce ranar suna.

"Yauwa," in ji ta. "Wanke mini biyu."