Lissafin Haske a Bakin Rijiya

Hutun ƙarshen zango na dawo Gagarawa,
kwamfuta a jaka, cajinta rabi,
da wani lissafi da ya ƙi ni tun watan jiya.

A Dutse muna da wani ƙarau, bai kai sabulun wanka ba.
In ƙwayar da ido ba ya gani ta faɗa cikinsa
sai ya yi ƙyas, walƙiya 'yar mitsitsiya,
haske ya watse kamar gero a daɓe,
na'ura na jira a gindinsa, baki buɗe,
tana ƙirga waɗanda suka iso lafiya.

Aikina in zana ƙaraun a kwamfuta,
in saki ƙwayoyin haske dubu goma,
in bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya:
wannan ta daki bango ta dawo,
wannan ta zille ta gefe,
waccan santsi ya yi mata yawa,
ta yi ta kewaye har ta mutu tana neman hanya.

Kwamfuta ta ce saba'in cikin ɗari za su iso.
Awo ya ce hamsin da biyu.
Sha takwas sun yi ɓatan dabo,
tsakanin su biyun wani na ƙarya.

Ran Talata ake yasar rijiyar masallaci.
Gaba ashirin da huɗu, can ƙasa dare ne ko da hantsi.
Baba Cindo, ƙanen kakana, ya ɗaura tsumma a ƙugu,
ya miƙo min fasasshen madubin babur:
"Ladiyo, kamo min rana,
ki sauko min da ita bayan igiya."

Na karkata madubin, haske ya zura.
A simintin sama yana tsalle fes,
da ya kai jar ƙasa sai ya dushe.
Murya ta taso kamar daga cikin tulu:
"Goge shi da gyalenki, yatsunki ne a kai!
Kuma bar gabas, can a jiƙe yake.
Jiƙaƙƙen bango cin bashin haske yake, ba ya biya."

Sai hannuna ya tsaya.

Bango shida na zana, duk na ba su hali guda,
wankakku, kamar hannu bai taɓa su ba.
Na manta Sagiru ya naɗe ƙaraun da farin tef
ranar da aka ɗauke wuta.
Na manta kusurwar da ta ɓantare,
da man da muka shafa a gindi,
wanda ya tsattsafo ya jiƙa tef ɗin har tsakiya.

Daren nan a shagon caji na Ɗan'azumi,
janareta na tari, sauro na cin ƙafa,
na jiƙa bango guda a lissafi, na ɓantare kusurwa.
Hamsin da bakwai.
Saura biyar tsakanina da gaskiya.

Da safe na faɗa wa Baba, yana ƙwaƙule laka a farce.
"Biyar kacal? Ni shekara arba'in ana aiko min da rana,
ba ta taɓa zuwa cikakkiya ba.
Wadda ta iso, da ita nake ganin bakin diga."
Ya jawo kwanon koko yana dariya.
Na karɓi nawa, na kurɓa,
biyar ɗin nan suna tsaye a wuya.