Ana Tashi Ƙarfe Biyar

Ofishinmu na bayan ginin majalisa a Asawase:
ɗaki ɗaya, tebur biyu, fankar da ta yi ritaya tun bara.
Ni da Pokuwa biro guda muke karɓa-karɓa.
Sunan aikinmu jin daɗin jama'a.
Daɗin bai iso ba tukuna,
jin jama'a dai muke yi, safe har la'asar.

Ranar Laraba, biyar saura kwata,
wani mai kwasar shara ya shigo riƙe da hannun yaro.
A gindin gadar Aboabo ya tsince shi,
kwana uku yana gadin tabarmar kakarsa
wadda aka ɗauka zuwa asibiti, ba a dawo da ita ba.
Idonsa ya yi ɗorawa, gaɓoɓi a kumbure.
Na san sikila in na gan ta.
Ya ce sunansa Mumuni, shekararsa bakwai,
ya ɗaga mini yatsu shida.

Na buɗe fayil.
Takarda tana son sunan uba, lambar gida, sana'ar uwa.
Na duba gaba, na duba baya,
ban ga layin da ya ce: yau ya sa wani abu a bakinsa?
Gidan marayu sun ce ba gado.
Babur ɗin ofis rabonsa da mai tun azumi.
Mai sa hannu ya tafi Ankara
taron bita kan kula da yara.

Biyar ta buga. Masinja ya kaɗa makullai.
Shi ma ba laifinsa, yana da mota da zai kama.
Sai dai ciwo ba shi da agogo,
dare kuma bai san an tashi daga aiki ba.

Na goya shi, da takalmin ofis a ƙafata,
na ratsa kwatami har gidan Inna Fusena mai koko.
Ba ta nemi wasiƙa ba.
Ta taɓa goshinsa, ta ɗora ruwan zafi, ta ce,
"Inda biyar suka kwanta, na shida ba ya kwana tsaye."
Na ba ta sidi ashirin, kuɗin cefanena.
Ta mayar mini da goma.

Da aka zo zaman kasafi
an ba ni minti uku,
tsakanin batun yashe magudana da harajin kasuwa.
Na ce, ranku ya daɗe, ban zo roƙon sabon gini ba.
A kowane lungu akwai Inna Fusena.
Ku rubuta sunayensu, ku bincika gidajensu,
ku koya musu, ku ba su ɗan abin sa wa a tukunya,
kada mu riƙa cin alherinsu bashi.
Ku ba mu waya ɗaya da ba ta barci.
Ku bari nas da malamin makaranta da ni
mu zauna kan yaro guda sau ɗaya,
kada ya yi ta maimaita mutuwar kakarsa a ofis huɗu.
Sannan mai. Man babur kawai.

Wani ya duba agogo. Wani ya ce magana ta yi.
Wata daga Sawaba ta rubuta wani abu a tafin hannunta.
An amince da waya da galan biyu a mako.
Batun matan, an ce sai baɗi.

To, da hanau gara mannau.

Mumuni ya sami katin asibiti.
Yana tsame ƙosai da asuba, yana ƙona yatsa,
yana zuwa aji ɗaya da rigar da ta fi shi.
Jiya ya tare ni, ya ɗaga yatsu bakwai,
ya ce yanzu ya iya.

Wayar tana ƙarƙashin matashina.
Daren jiya ta yi kuka ƙarfe biyu.
Na laluba ɗankwali cikin duhu,
ina lissafin ko Inna Fusena na da sauran tabarma.