Mai Buga Fuskoki

Shagona yana bayan kasuwar Karbon, a Cebu,
tsakanin mai busasshen kifi da mai gyaran fanka.
Fuskoki nake bugawa, ita ce sana'ata:
a riga, a hula, a tamfol mai faɗin ɗaki.
Ba na tambayar wa ya fi gaskiya.
Guda nawa? Yaushe za a biya?

Farkon shekara, gari na Crisanto Ybañez ne.
Sau goma sha ɗaya ya mutu a fim
yana kare talaka da ƙirjinsa,
sau goma sha ɗaya surukata Pilang ta yi kuka
har ta jiƙa gefen siket.
Da ya ce zai nemi kujerar shugaban ƙasa
sai ta ce, ai dama shi ne,
mu ne ba mu sanar da shi da wuri ba.
Na buga haɓarsa har injina ya yi zazzaɓi,
jan tawada ya ƙare a layinmu kaf.

Sai daren muhawara.
Wata 'yar jarida ta ce, nawa ne kilon shinkafa?
Ya yi murmushin nan da ke narkar da mata,
ya faɗi farashin shekarar da aka haifi 'yata.
Babu wanda ya ce a sake ɗauka.

Ni ba na jiran masu ƙidayar ra'ayi.
Wayata ce ma'aunina:
in ta yi shiru, an sauka daga motarka.
Riga ɗari huɗu suka kwana a kwali,
kowacce da haƙoransa talatin da biyu.

Daga nan Likita Perpetua Dumalagan.
An ɗauke ta a waya, ruwa iya ƙugu,
ta goyo wani tsoho, takalminta a baki.
Kafin Lahadi direbobin jifni sun san sunanta,
yara na zana tabaranta a bangon makaranta.
Na sayo kore, galan shida, bashi.
Mako bakwai ta yi tana haskawa,
sai aka ga ta goge hannu da hankici
bayan ta gaisa da mai shara.
Daƙiƙa huɗu ne hoton.
Wasu sun ce mura take yi.
Wa ya tsaya ji?

Yanzu Leoncio Batucan ake yayi,
mai shirin safe a rediyo, mai tumbi,
wanda bai yi alkawarin komai ba
sai dai ya iya girgiza kafaɗa a dandamali.
Duniya rawar 'yan mata,
na gaba ya koma baya.
Ni mai kiɗa ma ban kai ba,
mai share fili ne bayan an watse.

Jiya guguwa ta bi ta kanmu.
Da safe Pilang ta zo ba sallama,
ta kwashi tamfol uku daga ragowar kaya
ta ɗaure bisa teburin kifinta da igiyar roba.
Ga su can, kafaɗa da kafaɗa,
jarumi, likita, da kuskuren bugun mai tumbi
wanda hancinsa ya fito shuɗi.
Fuskokinsu na kallon sama,
ruwa na dukan su, ba su ƙifta ba,
kifi a ƙasa ko ɗigo bai sha ba.
Ta ce, ka ga, yau sun yi mana aiki.

Saura kwana tara.
'Yata Maricel ta ce, Baba, wa za ka zaɓa?
Na dubi hannuwana: ja a farce,
kore a tafi, shuɗi har gwiwar hannu.
Na ce bari dai in nemo yatsa guda
da ya rage babu launin kowa,
inda za su ɗiga mini tasu tawadar.