Ƙanƙarar da Ba ta Sayarwa Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da ƙanƙara
a bakin tashar Jega, daura da masu albasa.
Na san ta kamar yunwar cikina:
a lulluɓe ta da buhu, a sare ta da adda,
a miƙa wa mai zoɓo da hanzari,
don jarinka na zama ruwa tun yana hannunka.

Yanzu sanyi ya sauka, kasuwata ta kwanta.
Firiza biyu: ɗaya na kashe,
ɗaya na ba maƙwabci hayar ajiye kifi.
Dare ya yi, sai shagon cajin Arzika,
mu yi ta hira har shayi ya huce.

Daren jiya yana laluben ƙwallo
batirin rimot ya mutu a kan wani farin fili.
Ya ce, ƙanƙara ce.
Na ce, Arzika, ji tsoron Allah.
Ya ce, wallahi, kuma takawa suke.

Ni kuwa sai lissafi.
Da wannan fili zai zo min a azumin bazara,
da na rufe ɗakin da ya sha damina uku ba kwano,
da na biya kujerar Makka, har da canji.

Gasar ƙarshe ce, in ji shi, ta rufe kaka,
an tsamo gwanaye daga ƙasa-ƙasa,
yara su fara, manya su biyo.

Sai ga yarinya, ba ta girmi Kuluwata ba,
da wuƙa a ƙarƙashin kowane takalmi.
Ta zana baka, ta zana zobe,
ta dunƙule tana juyi kamar mazarin kakata.
Ta yi sama.
Ta dawo da kwankwaso.
Har ni nan Jega sai da na ce wash.
Ba ta nemi fuskar kowa ba.
Kiɗan bai jira ta ba, ita ma ba ta roƙe shi ba,
ta tashi da farin gari a gwiwa
ta cim masa a gaba.

Can aka kira wani babba.
Arzika, mai tsintar Turanci, ya ce
daga yau ya ajiye, gwiwa ta ƙi.
Bai yi tsalle irin na yaran ba.
Da baya ya riƙa tafiya, a hankali,
kamar kwalekwalen da mai shi ya ɗaga filafili
ya bar wa gulbi sauran aikin.
Da ya gama sai ya durƙusa
ya ɗora tafin hannu a kan ƙanƙarar.

Na san wannan taɓin.
Haka nake yi da asuba in na ɗaga murfi,
in ji ko wuta ta yi mana adalci cikin dare,
ko kuwa yau ma ruwa zan zubar.

Ana jefa masa furanni, alƙalai na duƙe kan maki,
janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.
Mai ya ƙare.
Har yau ban san wanda ya ci ba.

Na koma gida da tocila.
Akwai guda ɗaya ƙarƙashin kifin maƙwabci,
ragowar da ba wanda ya taya.
Na ɗora ta kan siminti, na tura da yatsa.
Ta tafi, ba ƙara, ba gardama,
ta juya sau ɗaya da rabi,
ta tsaya a bakin ƙofa
ta bar siririn layi yana sheƙi.

Kuluwa ta leƙo da barci a ido.
Baba, asara kake yi?
Na ce, zo ki tsaya can.
Turo min ita.