Wake Biyu-Biyu

Ƙarfe biyu saura na dare
Sista Morenike ta turo ƙofa da gwiwa,
kwalba uku a tafinta, ta lulluɓe su da ɗumin hannu
kamar mai ɗauke da 'yan tsaki.
"Ban da firji," in ji ta. Ai na sani.
Abin da ke kayar da ƙato a yini guda
shi kansa raggo ne, sanyi kaɗan ya sheƙa.

Na ɗaga kwalba ga fitila.
Ruwan da ke kewaye laka da ƙwaƙwalwa
garau Allah Ya yi shi.
Wannan kuwa ruwan wankin shinkafa.
Gabana ya faɗi tun ban taɓa madubi ba.

A takarda: Nafi'u, shekara sha tara, Alaba Rago.
Zazzaɓi tun asuba. Wuya ya sanƙare.
Haske na sukar idonsa.
Su goma sha ɗaya ke kwana a ɗaki,
taga ɗaya, ita ma an toshe ta da buhu saboda sauro.

Ɗigo guda a kan gilashi.
Na shanya, na gifta shi ta harshen wuta.
Shunayya tukuna. Sai aidin ya kama ta.
Sai sifirit, ya wanke wanda ba ya riƙo.
Sai jan rini daga ƙarshe.
Kakana marini ne, ya mutu da baba a farce;
ni ma rinin nake,
sai dai zanena bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

Aka ɗauke wuta.
Na tsaya cikin duhu ina jin ruwan Legas kan kwano,
ina ƙirga numfashin yaron da ban taɓa gani ba,
har janareta ya yi tari ya tashi.

Ɗigon mai. Na sunkuya. Na murza a hankali.
Ga su nan.
Biyu-biyu, ciki na kallon ciki,
kamar wake da aka ɓare,
ja-ja, sun ƙi shunayya,
wasu a waje, wasu cikin fararen ƙwayoyin jini
da suka haɗiye su suka mutu tare.

Na ɗauki waya.
"Likita, sanƙarau ne, ga alama mai yaɗuwar nan.
Kada a tsai da allura.
A nemo goman da suka rage kafin gari ya waye."

Amma ido ba ya yanke hukunci shi kaɗai.
Na shuka su a faranti na dafaffen jini,
na sa a gwangwani, na kunna kyandir, na rufe,
wutar ta shanye iska ta mutu.
Haka suke so: ɗumi irin na jikin mutum, da kaɗaici.

Washegari sun tsiro, toka-toka, kamar raɓa.
Na yi musu walimar sukari huɗu.
Suka ci gulukos, suka ci na tsiron hatsi,
suka ƙi na madara, suka ƙi na rake.
Kowane ɓarawo da irin cinsa.
Na rubuta sunan da babban baƙi.

A baranda yayansa, Mudi, ya ji na amsa waya da Hausa,
ya miƙe, takalmi ɗaya a hannu.
"Baiwar Allah, me kika gani a jikinsa?"
Ta yaya zan ce wake?
Na ce, "Mun gane shi. Wanda aka san sunansa ana iya kamunsa."

Kwana na huɗu Morenike ta leƙo:
ya nemi shayi da burodi.
Sai dai a yi masa magana ta dama,
kunnen hagu bai dawo ba tukuna.

Na wanke gilashin.
Akwai wata kwalba tana jira,
daga unguwarsu.